Wa Ya Iya Karatu? Tarihin Ma'aunin da Ake Auna Mu da Shi

A shekarar 1962 wata shari'ar bashi ta kai gaban Kotun Ƙoli ta Tarayya a Legas. Kamfanin PZ yana bin wani ɗan kasuwa na Arewa bashi, wani mutum kuma ya tsaya masa, ya sa hannu a takardar lamuni da aka rubuta da Turanci. Da biya ya gagara aka juyo kan wanda ya tsaya, shi kuwa ya nemi mafaka a wata doka ta zamanin Turawa, ta shekarar 1915, wadda aka yi don kare mutanen da ba su iya karatu ba. Dokar ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, sai ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta masa ita an kuma fahimtar da shi kafin ya dangwala hannu. Mutumin ba ya jin Turanci, amma yana rubutu da haruffan Larabci. To, ya iya karatu ko bai iya ba? Kotun farko ta ce bai iya ba, tunda takardar da ke gabansa duhu ce gare shi. Kotun Ƙoli ta ce ya iya, domin dokar tana nufin wanda ba ya karatu da rubutu a kowane harshe ne. Daga baya wasu hukunce-hukuncen suka karkata ga ra'ayin farko, suka ce harshen takardar shi ne abin dubawa.

Alƙalai ke nan, masu ilimi, suka kasa haɗa baki a kan mutum guda. Duk da haka kowace shekara muna jin alƙaluma a rediyo, kashi kaza na mutanen jiha kaza ba su iya karatu da rubutu ba, kamar abu ne da ake ɗorawa a sikeli. Waɗannan alƙaluma suna da tarihi, kuma kowane ma'auni da aka taɓa amfani da shi wani ne ya ƙirƙiro shi saboda wata buƙata tasa.

Mu fara daga gida, domin kafin a zo mana da jarrabawa muna da hanyar gane wanda ya iya. A makarantar allo yaro yana farawa da babbaƙu, yana kiran haruffa da sunayensu na Hausa, alu, ambaki, wau, zal, sannan ya shiga farfaru, sannan ya fara haɗa baƙi da wasali har ya ja aya. Ba a tara yara rana ɗaya a raba musu takarda. Kullum akwai gwaji, kuma gwajin shi ne wankin allo. Yaro zai durƙusa gaban malam ya biya abin da ke allonsa. In ya kawo shi daidai a ce ya je ya wanke, a ɗora masa na gaba. In ya yi tuntuɓe, rubutun yana nan a allon har gobe, har jibi. Kowa a tsangaya ya san inda kowa yake, domin ana tambayar yaro ne da sura: ina ka kai? Ranar sauka kuwa a bainar jama'a ake yi, da allon zayyana a hannu, iyaye da maƙwabta suna saurare.

A sama da haka gwajin ya fi tsanani. Gardi yakan rubuta satunsa da ka, ya kawo wurin darasu, alaramma yana duba allo, sauran mahaddata suna kasa kunne, ko wasali ɗaya ya kauce sai an tsayar da shi. Ba a kiran mutum alaramma sai ya haddace ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka, gwani kuwa sai gwanaye sun gwada shi sun sallama masa. A makarantar zaure ana auna mutum da littattafan da ya sauke a gaban malami, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala har Muhtasar, a ƙarshe a ba shi ijaza mai ɗauke da sunayen malaman da ilimin ya biyo ta hannunsu. A nan ne aka samu mutanen da suka riƙe daular Sakkwato da alƙalami, masu rubuta wasiƙun sarakuna da hukuncin alƙalai, da jajin Nana Asma'u da suke kai waƙoƙin koyarwa ƙauyuka ga 'yan taru. Fatake ma sun ci moriyarsa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, tun yana saurayi ya tsara littafi na koyar da yadda ake rubuta wasiƙa, abin da ke nuna cewa akwai masu buƙatarsa a kan hanyar Gwanja.

Wannan ma'auni ya san mutum ciki da bai, amma ba ya ƙidaya. Ba wanda ya taɓa zama ya lissafa kashi nawa na mutanen Katsina ke iya karanta wasiƙa. Kuma gaskiya ita ce da yawa sun tsaya a tilawa, suna bin baƙi da baki ba tare da sanin ma'ana ba, wasu kuma suna karantawa amma hannunsu bai saba da alƙalami ba. Duk mai son ajami da gaske ya kamata ya yarda da wannan, don kada a maida kowane wanda ya taɓa riƙe allo marubuci.

Ƙidayar masu karatu a Turai ta faro, kuma daga wurin ibada. A ƙasar Suwidin dokar coci ta 1686 ta wajabta wa kowa, namiji da mace, ya iya karanta littattafan addini da kansa. Limamin cocin gari yakan zagaya sau ɗaya a shekara, a tara mutanen 'yan gidaje a ɗaki guda, ya miƙa wa kowa littafi ya karanta, ya yi masa tambayoyi, sannan ya sa alama a gaban sunansa a rajista. Wanda ya kasa ba ya samun shiga cikakkiyar ibada, aure ma yakan yi masa wuya. Da wannan matsi, tun kafin a kafa makarantun gwamnati a 1842, akasarin mutanen Suwidin sun iya karatu. Rubutu kuwa sai can baya ya yaɗu. Abin da limamin yake nema shi ne mutum ya karanta abin da aka ba shi, don haka abin da ya auna ke nan, shi kuma jama'a suka koya.

A Ingila aka bi ta wata hanya. Daga 1754 doka ta ce ango da amarya su sa hannu a rajistar aure, wanda bai iya ba ya yi alama. Da gwamnati ta fara tattara waɗannan rajistoci sai ta ga ta samu ma'auni a ɓagas: wajen 1840, kusan kashi ɗaya cikin uku na angwaye da rabin amare alama suka yi. A Faransa wani tsohon jami'in ilimi, Louis Maggiolo, ya sa dubban malaman makaranta a ƙarshen shekarun 1870 suka bi tsofaffin rajistocin aure har zuwa na 1686 suna ƙirga sa hannu. Masana tarihi har yau suna aiki da waɗannan alƙaluma, suna kuma sane da raminsu. Akwai wanda sunansa kaɗai ya iya zanawa. Akwai matar da take karanta littafinta kullum amma ba a taɓa koya mata riƙe alƙalami ba, domin a wancan zamani karatu ake fara koyarwa, rubutu sai wanda ya daɗe a makaranta.

Amurka ce ta shigar da tambayar cikin ƙidayar jama'a a 1840, kuma da farko fararen fata kaɗai aka ƙirga. Mai ƙidaya yana tambayar maigida, maigida ya amsa, a rubuta. Wannan hanya, ta tambayi mutum ka yarda da abin da ya faɗa, ita ce ta mamaye duniya fiye da shekara ɗari, saboda ba ta da tsada. A Amurka kuma aka nuna yadda gwajin karatu kan zama makami: jihohin kudancin Amurka sun yi ta amfani da shi don hana baƙaƙen fata jefa ƙuri'a, jami'in rajista shi ke zaɓen abin da za a karanta, shi ke yanke wa ya ci, har sai da dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta fara rushe abin. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka tarar da samari da yawa da suka ce sun iya karatu ba sa gane umarnin da aka rubuta musu. Daga nan aka fara maganar karatu mai amfani, wanda mutum zai yi aiki da shi, aka kuma ɗauki shekarun makaranta a matsayin shaida: a 1947 hukumar ƙidayarsu ta ja layi a shekara biyar. Tun daga nan zaman aji ya fara tsayawa a madadin iyawa, ya kuma biyo mu har gida.

Lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903 sun tarar da rubutu a ko'ina. Gwamna Lugard da kansa ya ƙiyasta makarantun allo kusan 25,000 a Arewa, da almajirai sama da 200,000. Amma akasarin jami'ansa ba su iya karanta Larabci da ajami ba, ba sa kuma son dogara da malaman da ba za su iya bin diddigin abin da suka rubuta ba. Da shawarar irin su Dokta Miller na mishan, aka zaɓi a rubuta Hausa da haruffan Romawa. Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Sannu a hankali takardun haraji da na ofisoshin En'e suka koma boko, aikin albashi ya bi boko, Hukumar Fassara da ta Talifi a Zariya suka yi ta buga littattafai, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Ba wanda ya zauna ya soke ilimin malamai da doka. Ƙofofin da iliminsu ke buɗewa ne aka canja wa makulli.

Abin mamaki shi ne ƙidayar 1952 ta fi wasu na bayanta adalci a wannan fanni. Ta ware gurbi ga masu rubutun boko, ta ware wani ga masu rubutu da haruffan Larabci. A Arewa masu boko sun tsaya a kimanin kashi 2 cikin 100, masu haruffan Larabci kuwa sun ninka su fiye da sau biyu. Amma a muhawarar siyasar wancan lokaci, da ake kwatanta Arewa da Yamma da Gabas, adadin farko ne ya fi yawo a bakin mutane, domin shi ne ke nuna yawan waɗanda za su iya riƙe ofis in Bature ya tafi.

Tsoron kada Arewa ta rasa masu riƙe ofis ne ya haifi Yaƙi da Jahilci. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a majalisar Kaduna yana neman a gyara mulkin En'e a kuma wayar da kan talakawa. Cikin 'yan shekaru azuzuwan manya suka bazu a garuruwa da ƙauyuka, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororin aikin, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai daga 1954 zuwa 1959, larduna kuma suna da jaridunsu, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Wanda ya gama aji yana yin ɗan gwaji a ba shi takardar shaida, yawan takardun da aka raba kuma shi ne abin da ake kai wa gwamnati a matsayin nasara. Aikin ya yi amfani ƙwarai, mutane da yawa sun fara karanta rasiɗin harajinsu da kansu, ba a ƙara yi musu cuta a kansa ba. NORLA ta buga wasu abubuwa da ajami ma. Sai dai a ajin farko mahaddacin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa da wanda bai taɓa ganin baƙi ba layi ɗaya suke zama, kuma a rahoto rukuni ɗaya aka sa su. Wannan ya ɓata wa malamai da yawa rai, kuma suna da hujja.

A daidai wannan lokaci ne duniya take neman ma'ana guda da kowa zai yi aiki da ita. UNESCO ta ƙiyasta cewa a tsakiyar ƙarni na ashirin manya kusan miliyan 700 ba su iya karatu ba, amma kowace ƙasa da yadda take ƙirga nata. A 1958 aka amince cewa wanda ya iya shi ne mai karantawa da rubuta gajeren bayani mai sauƙi game da rayuwarsa ta yau da kullum, tare da fahimta. Ma'anar ba ta ambaci harshe ba, ba ta ambaci irin haruffa ba, don haka a ƙa'ida mai ajami yana ciki. Taron ministocin ilimi na Tehran a Satumban 1965, wanda daga gare shi aka samo ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 8 ga Satumba, ya ɗaure karatu da sana'a: a koya wa manomi karatun da zai ƙara masa amfanin gona. Aka gwada haka a ƙasashe 11, ciki har da Mali da Sudan da Gini da Tanzaniya, rahoton da aka fitar a 1976 kuma ya nuna cewa sakamakon bai kai kuɗin da aka kashe ba. Paulo Freire na Brazil, wanda a 1963 ya koyar da masu aikin gona kusan 300 a garin Angicos cikin 'yan makonni, ya tsaya a kan cewa karatun da bai sa talaka ya gane halin da yake ciki ba, ya kuma yi magana a kai, bai cika ba. A 1978 UNESCO ta faɗaɗa ma'anar ta ce mai karatu mai amfani shi ne wanda zai iya shiga duk harkokin al'ummarsa da ke buƙatar karatu da rubutu da lissafi. Ma'ana ce mai kyau, amma mai ƙidaya da ke tsaye a ƙofar gida cikin rana ba shi da hanyar auna ta, don haka ya ci gaba da tambayarsa ta da.

Nijar ta bi wannan zamani ta hanyarta. Bayan taron Bamako na 1966 da ya tsara haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan yankin, azuzuwan manya suka riƙa koyarwa da harsunan ƙasa, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, wadda ta samu yabon UNESCO a 1983, gwamnatin tarayya kuma ta kafa tata hukumar a 1990.

Binciken da ya fi girgiza masana a wannan fage a Afirka ta Yamma aka yi shi, kuma ya kamata kowane malamin Hausa ya san da shi. A shekarun 1970 Sylvia Scribner da Michael Cole suka zauna cikin al'ummar Vai ta Laberiya, mutanen da ke da rubutu iri uku. Akwai nasu na gado, wanda Momolu Duwalu Bukele ya ƙirƙiro wajen shekarun 1830, ana koyonsa a gida daga aboki ko ɗan'uwa, ana rubuta wasiƙu da lissafin kuɗi da shi. Akwai na Larabci daga makarantar allo. Akwai Turanci daga makarantar gwamnati. Wannan ya ba su damar raba abin da a Turai ba ya rabuwa, wato iya karatu da zaman aji. Sakamakon da suka buga a 1981 ya nuna cewa ƙwarewar da jarrabawa ta fi so, irin ta bayyana dalilin amsa da baki, makaranta ce ke kawo ta. Masu rubutun Vai sun yi fice wajen haɗa gaɓoɓi su fitar da ma'ana da kuma yi wa wanda ba ya nan bayani filla-filla, abin da mai rubuta wasiƙa ke yi kullum. Almajiran allo sun yi fice wajen riƙe jerin kalmomi da ake ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, yadda hadda take. Kowane rubutu yana kaifafa abin da ake yi da shi. Jarrabawar makaranta, in aka kai ta ga wanda bai yi makaranta ba, rabin abin da take aunawa sabo ne da jarrabawa.

Brian Street ya ga irin haka a wani ƙauye kusa da Mashhad a Iran. Mutanen da hukuma ta lissafa a marasa karatu, da abin da suka koya a makarantar Alƙur'ani suke rubuta sunaye a akwatunan 'ya'yan itace da suke aikawa birni, suna riƙe littafin bashi, suna sa hannu a takardun kuɗi. Littafinsa na 1984 ya sa masana suka fara tambayar me mutane ke yi da rubutu a rayuwarsu, kafin su tambayi maki nawa suka ci. Duk wanda ya taɓa leƙa littafin bashin wani dattijo a Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau, ya ga sunaye da ajami da lambobi a gefe, ya san abin da Street ke nufi.

Daga shekarun 1990 sai aka koma gwada mutane kai tsaye a gidajensu. Ƙasashe masu arziki suka fara a 1994 da wani babban bincike da ya daina raba mutane gida biyu, ya jera su hawa biyar, yana ba su takardar magani da jadawalin mota da labarin jarida ya ga abin da za su iya cirowa. UNESCO ta tsara makamancinsa don ƙasashe masu tasowa a 2003, Nijar tana cikin waɗanda aka fara gwada shi. Amma abin da ya fi isa ƙauyukanmu ɗan kati ne. Tun wajen shekarar 2000, masu binciken lafiya da yawan jama'a da ke zagayawa gida-gida suna ɗauke da kati mai gajerun jimloli. Ma'aikaciya za ta zauna da matar gida a tsakar gida, bayan tambayoyin haihuwa da rigakafi ta miƙa mata katin ta ce ta karanta jimla ɗaya. In ta yi shiru, a tambaye ta ko za ta iya karanta wani ɓangare. A takardar akwai gurbin wadda ta karanta duka, da wadda ta karanta wani sashe, da wadda ba ta iya ba sam, da mai larurar gani, da kuma gurbi na musamman ga wadda ba a zo da katin harshenta ba. Abin bai fi minti ɗaya ba.

Wannan minti ɗaya ya tona abubuwa. Binciken hukumar ƙididdiga ta Nijeriya na 2010, wanda ya dogara da amsar baki, ya ce kashi 57.9 na manya sun iya da Turanci, kashi 71.6 kuma a wani harshe ko ma wanne ne. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu kaɗai ta isa ta nuna yawan mutanen da ke ɓacewa in Turanci ne ma'auni. Binciken lafiya na 2018, mai kati, ya samu kashi 53 na mata da kashi 72 na maza sun iya karatu. Da Lant Pritchett da Justin Sandefur suka tattara sakamakon katin daga ƙasashe da dama, suka duba matan da suka tsaya a aji shida na firamare, sai suka ga a Nijeriya kusan ɗaya cikin goma ce ke iya karanta jimla guda, alhali a Ruwanda mafi yawansu suna iyawa. Shekara shida a aji, da rajista da yunifom da takardar shaida, amma jimla ɗaya ta gagara. Wannan ya fi kowane adadi ciwo a wurina, domin waɗannan mata an riga an ƙirga su cikin waɗanda aka yi wa aiki.

Yara ma an fito da su daga ɗakin jarrabawa. A Indiya ƙungiyar Pratham ta fara a 2005 tana tura 'yan sa-kai gidaje da takarda ɗaya mai hawa huɗu, haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, gajeren labari, a gwada yaro a gaban iyayensa ko yana zuwa makaranta ko ba ya zuwa. Hanyar ta yaɗu zuwa Kenya da Tanzaniya da Yuganda, da Mali da Senegal, har Nijeriya. A Sakkwato da Bauchi an gwada 'yan ƙananan azuzuwan firamare da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga kalmomin da yaro zai karanta daidai cikin minti guda, aka tarar mafi yawansu ko kalma ɗaya ba sa iya fitarwa. Daga nan ne aka tsaro shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa irin su Mu Karanta. Zaman yaro shi kaɗai a gaban mai saurare, yana karantawa da murya, ana tsayar da shi inda ya kasa, hanya ce da kowane malamin allo zai gane da gani.

Har yanzu akwai karatu mai yawa a ƙasar Hausa da alƙaluma ba su san inda za su ajiye shi ba. Matan da suka koyi boko a Islamiyya ko a wurin ƙawa don su karanta littattafan da marubutan Kano suka cika kasuwa da su tun shekarun 1980. Direban da ke tura saƙo da Hausa a WhatsApp yana kuma karanta lambobin asusun banki ba kuskure. Dattijon da ke gane Naira dubu da ajamin da ke jikinta, wanda aka cire masa shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007, daga Naira ɗari kuma a 2014. Tsarin mulkin 1999, inda yake fassara abin da zai iya tsayawa a madadin takardar sakandare ga ɗan takara, ya ambaci iya karatu da rubutu da Turanci, bai ambaci wani harshe ba. A gefe guda kuma masana a Jami'ar Bayero da Jami'ar Boston suna ta ɗaukar hoton rubuce-rubucen ajami na Hausa suna adanawa, wasiƙu da waƙoƙi da bayanan magani.

Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma an ɗage ta. Duk ranar da aka tashi yi, ina fata mai ƙidaya a Arewa zai shigo gida da kati uku a jakarsa, na boko da na ajami da na Larabci, ya bar mutum ya zaɓi wanda zai karanta, sannan ya tambaye shi abin da jimlar ta ce, ya kuma miƙa masa alƙalami ya rubuta layi ɗaya da kansa.